Yadda Ake Gudun Motsa Jiki a Kornish ɗin Iskandariyya

Iskandariyya gari ne a ƙasar Masar, siriri mai tsawo, ya miƙe a gaɓar Bahar Rum daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas, kuma babban titin bakin teku da mutanen garin ke kira Kornish ya bi babban sashen gaɓarsa. Duk ɗalibi ko ɗan kasuwa ko mai jinya da ya sauka a garin, in ya tambayi inda ake gudun motsa jiki, can za a nuna masa. Ba a yi masa ƙarya ba, don babu wurin da ya kai shi. Sai dai wanda ya fito da ƙarfe biyar na yamma a watan Agusta ya ce zai yi gudu a unguwar Sidi Bishir, zai koma gida yana rantsuwa cewa ba a gudu a garin nan. Kornish ɗin asuba daban yake da na la'asar, kuma kilomita huɗun farko ba su yi kama da na tsakiya ba. Wanda ya san lokacin fita, ya san zangon da ya dace da ƙarfinsa, ya san yadda ake tsallaka titin, shi ne zai more wurin.

Fara da sanin shimfiɗar hanyar

Daga sansanin Ƙaitbai da ke yamma zuwa ƙofar lambun Muntaza a gabas, tafiyar ta kai kimanin kilomita 17 zuwa 18 idan ka bi lanƙwasar gaɓa. Sashen da ya kewaye Tashar Jiragen Ruwa ta Gabas sunansa titin 26 ga Yuli, daga wajen Silsila, harshen ƙasar da ya rufe tashar daga gabas, zuwa Muntaza kuma Ɗariƙul Jaish, wato Titin Sojoji. A baki dai kowa Kornish yake cewa, ko ya ce "bahar" kawai. In ka ji direban motar haya yana kiran "bahar", yana nufin ta bakin teku zai bi.

Haddace jerin unguwannin kafin ka fara, domin su ne alamominka a hanya, kuma da su za ka gaya wa direba inda za ka sauka. Daga yamma: Bahari da Anfushi, Manshiyya, Mahaɗɗatur Ramli, Shaɗibi inda babban ɗakin karatu yake, Kam Shizar, Ibrahimiyya, Isboting, Kiliyobatra, Sidi Jabir, Rushdi, Istanli, Gilim, San Istefano, Loran, Sidi Bishir, Mayami, Asafira, Mandara, sannan Muntaza. Da farko za su yi maka yawa. Mako biyu kana bi za su zauna.

Don sauƙi, raba hanyar gida uku. Daga Ƙaitbai zuwa ɗakin karatu kimanin kilomita 4 ne. Daga ɗakin karatu zuwa gadar Istanli kimanin 5. Daga Istanli zuwa Muntaza kuma kimanin 8 zuwa 9, San Istefano na zuwa bayan kilomita biyun farko. Hanyar a shimfiɗe take, hawan da ke cikinta bai taka kara ya karya ba. Wahalarta tana cikin danshin iska, da taurin daɓe, da cunkoso, da motoci.

Zaɓi lokaci, shi ne rabin aikin

Ka fita bayan sallar asuba. Wannan ce shawarar da ba ni da wadda ta fi ta. A tsakiyar bazara rana na fitowa wajen ƙarfe shida, domin tun 2023 Masar ta dawo da tsarin ƙara awa ɗaya a agogo daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba. A farkon Janairu kuwa sai wajen bakwai saura. Tsakanin idar da salla da awa guda bayan fitowar rana, gefen titin naka ne kai da masunta da masu shara. Mutanen Iskandariyya 'yan hira ne, a lokacin zafi sukan raba dare a bakin teku, saboda haka safiyarsu ba ta farawa da wuri.

Ranar Juma'a da safe ta fi kowace rana. Hutun mako a Masar Juma'a da Asabar ne, motoci kan ragu ƙwarai har zuwa hantsi, hayaƙi ya yi sauƙi. Ita ce ranar da ƙungiyoyin masu gudu irin su Alex Runners suka saba haɗuwa, kuma ita ya kamata ka ware wa doguwar tafiyarka ta mako. Za ka gama, ka yi wanka, ka karya, ka huta, kafin a kira sallar Juma'a.

Sannan ka lura da inda ka sa gaba. Gaɓar ta nufi arewa maso gabas ne, don haka a bazara mai gudu zuwa Muntaza yana fuskantar rana ido da ido da zarar ta ɓullo. Iskar garin kuma yawanci daga arewa ko arewa maso yamma take busowa, daga teku. Idan gudun je-ka-dawo za ka yi, ka fara nufar gabas tun gari bai gama wayewa ba, kana da sauran ƙarfi kana karo da iska, sannan ka juyo yamma rana tana bayanka iska tana ɗan tura ka. Wanda ya yi akasin haka zai dawo a gajiye, rana a ido, iska a ƙirji.

Akwai abin da ke yaudarar mutanenmu musamman. Wanda ya taso a Kano ko Sakkwato ko Damagaram, ya saba da zafin da ke haura digiri 40, in aka ce masa Iskandariyya a Agusta digiri 30 ce ko 31, sai ya raina. Zafinmu busasshe ne, gumi na fita yana bushewa, bushewar ce ke sanyaya jiki. A bakin Bahar Rum iskar bazara ta riga ta ƙoshi da ruwa, gumin ba ya samun inda zai tafi, sai ya tsaya a jiki yana tsiyaya, zafin cikin jiki yana hawa, zuciya tana ƙara bugu. Saboda haka daga Yuni zuwa Satumba ka rage sauri da gangan, ko da ƙafarka na neman ƙari. Ka ba jikinka kamar mako biyu ya saba tukuna.

Abin da za ka sa da abin da za ka riƙe

Daɓen Kornish tayil ne da siminti da duwatsun shimfiɗa, babu ƙasa babu ciyawa. Ƙafar da ta saba da filin ƙwallo mai rairayi za ta ji a ƙwauri da gwiwa. Nemi takalmin gudu mai kauri a ƙasa, wanda ya bar tazarar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsunka da bakinsa, domin ƙafa na kumbura in an daɗe ana gudu. Gwada shi da yamma, da safar da za ka riƙa gudu da ita. Kambas mai falalen ƙasa da takalmin ƙwallo ba na wannan aikin ba ne.

Rigar auduga takan jiƙe ta yi nauyi ta riƙa gurzar fata. Sa mai santsi irin ta 'yan ƙwallo, mai saurin bushewa. Shafa ɗan basilin a hammata da tsakanin cinyoyi da kan nono kafin fita, domin gumi mai gishiri da danshi in suka haɗu da gurza, sai ka shiga wanka za ka san an yi ɓarna. A hunturu ƙara riga mai dogon hannu da 'yar jaket mara nauyi da ke tare iska. Sanyin safiya yakan sauka wajen digiri 9 ko 10, iskar teku kuma na ƙara masa kaifi.

A aljihu ko 'yar jakar ƙugu: kwafin fasfo da na izinin zama, katin makaranta in kai ɗalibi ne, canjin kuɗi na mota da ruwa, da waya. Motar asibiti a Masar 123 ce, 'yan sanda 122. Sha kofi biyu na ruwa awa ɗaya kafin ka fita. Gudun da bai kai minti 45 ba, ba ya bukatar riƙe gora sai a tsananin zafi. Wanda ya wuce awa ɗaya kuwa, riƙe ƙaramar gora, don da asuba yawancin 'yan kiyos ba su buɗe ba.

Mai hawan jini, ko ciwon suga, ko asma, ko wanda ya haura shekara arba'in bai saba motsa jiki ba, ya ga likita kafin ya fara. Haka mai sikila. Ko wanda yake AS, ya sani cewa gudu mai tsanani cikin zafi da ƙarancin ruwa a jiki na iya jawo masa matsala, ya bi a hankali.

Tsallaka titi

Gefen da ake gudu yana ɓangaren teku, gidaje kuma suna ɗaya ɓangaren, tsakaninsu titi ne mai layuka da yawa a kowane hannu. Nan ne haɗarin Kornish yake, kuma sa'ar da ta fi daɗin gudu ita ce sa'ar da motoci suka fi sheƙa gudu, tunda hanya ta buɗe musu. Akwai hanyoyin ƙarƙashin ƙasa na masu tafiya a ƙafa a unguwanni da dama, ana ce musu nafaƙ, akwai kuma wuraren da aka sa fitilar ba da hannu. Kafin ranar gudunka ta farko, fita da rana ka gano wanda ya fi kusa da gidanka, ka mai da shi mafarin gudunka da ƙarshensa. Ko da zai ƙara maka tafiyar minti biyar, ɗauke ta a matsayin ɗumama jiki.

Za ka ga 'yan gari suna ratsa motoci hankali kwance. Kada ka kwaikwaye su, musamman a dawowa, lokacin da ƙafa ta yi sanyi, gumi ya cika ido, lissafin nisa ya rikice. Idan ka isa wurin da gini ko shinge ya cinye gefen titi, tsaya da gudu, ka taka a hankali kana manne da bango har ka wuce. Cire abin kunne a irin waɗannan wuraren. Ni a ganina ma gara a bar shi a gida, ƙarar ruwa ta isa.

Zangon farko: Ƙaitbai zuwa ɗakin karatu

Wannan ne zangon mai farawa, kuma shi ne mafi kyau. Je ka dawo kimanin kilomita 8, rabinsa kuma ya ishi sabon shiga.

Fara daga dandalin gaban sansanin. Sarkin Mamluka Al-Ashraf Ƙaitbai ne ya gina shi tsakanin 1477 da 1479, a kan harsashin tsohuwar hasumiyar fitilar Iskandariyya da girgizar ƙasa ta rushe, kuma jiragen yaƙin Ingila sun yi masa ruwan wuta a Yulin 1882. Yi tafiyar minti biyar da sauri a dandalin, ka jujjuya idon sawu da ƙugu, sannan ka fara sassarfa, ruwa yana hannun hagunka.

Kilomitar farko ta Bahari ce, unguwar masunta. Ƙananan jirage masu fentin shuɗi da kore da ruwan ɗorawa suna rangaji a ɗaure, ƙarnin kifi na tasowa daga wajen kasuwar Anfushi. Nan za ka fara haɗuwa da masu kamun kifi da fatsa, a zaune a kan katangar bakin ruwa da dogayen sanduna. Kula da su sosai. Mai fatsa in zai jefa, yakan karkata ya kai sandar bayansa tukuna, ƙugiya da dalma suna lilo a kan hanyar da kake bi, kuma ba ya waiwaye. Idan ka ga kafaɗar mutum ta karkata baya, ka rage sauri ko ka ba shi tazara mai kyau. Bokitinsa da kofin shayinsa ma a ƙasa suke.

Ba da jimawa ba za ka hango ƙubbobin masallacin Abul Abbas Al-Mursi a hannun dama, malamin Shaziliyya ɗan asalin Mursiya ta Andalus, wanda ya rasu a shekara ta 686 bayan Hijira. Dab da shi akwai masallacin Imam Busiri, mai Alburda da ake rerawa a makarantunmu da wuraren Mauludi. Wanda ke zaune a wannan ɓangaren zai iya yin asuba a nan, ya ɗaura takalmi a ƙofar masallaci ya kama hanya. Kada ka manta da 'yar leda ta sa takalmin, don takalmin gudu ba shi da arha.

Daga nan gaɓar ta lanƙwasa sosai, duk inda ka kai kana iya waiwayawa ka ga sansanin yana ƙara nisa a hayin ruwa, ka san iya abin da ka ci. Za ka wuce Manshiyya da dandalin tunawa da sojan ruwa da ba a san sunansa ba, mai ginshiƙan farin dutse a jere. Sai dandalin Sa'ad Zaglul, jagoran juyin 1919, mutum-mutuminsa na kallon teku, kusa da otal ɗin Cecil da aka gina a 1929. Bayan dandalin ne Mahaɗɗatur Ramli take, gaba kaɗan kuma doguwar hasumiyar masallacin Ƙa'id Ibrahim. A nan ka riƙa duba ƙasa: ɓawon 'ya'yan kabewa, totuwar masara, ledoji da kashin dawakin keken hantur na daren jiya duk suna nan kafin masu shara su iso, wasu tayil ɗin kuma sun ɗago baki.

Ƙarshen zangon shi ne Silsila, harshen ƙasar da ya rufe tashar daga gabas, da ɗakin karatun da aka buɗe a Oktoban 2002, mai rufi zagayayye da ya karkato yana fuskantar teku, da katangar dutsen Aswan da aka sassaƙa haruffan rubuce-rubucen duniya a jikinta. Nan za ka juya. In ƙarfi ya ƙare, mota na nan.

Kada ka ce za ka ƙara tsawon zangon ta yamma da Anfushi. Can fadar Ra'asut Tin take da sansanin sojan ruwa. Kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoton duk wani wuri mai soja ko ɗan sanda a ƙofa, a nan ko a ko'ina a Masar.

Zango na biyu: ɗakin karatu zuwa gadar Istanli

Da ka wuce Silsila ka fita daga kariyar tasha, ka shiga buɗaɗɗen teku. Iska ta fi ƙarfi, raƙuman ruwa suna dukan manyan tubalan siminti da aka jibge don kare gaɓa, feshinsu na tsallako katanga. Inda feshin ke yawan sauka, tayil ɗin kan yi gansakuka, ya yi santsi kamar an zubar da miyar kuɓewa. Duk inda ka ga daɓe ya yi duhu yana ƙyalli, gajarta taku, ka sauke ƙafa a ƙarƙashin jikinka, kada ka yi juyi da sauri.

Daga Shaɗibi zuwa Kiliyobatra hanyar ta miƙe, nan ne wurin da za ka saki ƙafa ka samu taku ɗaya mai ɗorewa. Ɗaliban Jami'ar Iskandariyya da ke zaune a Ibrahimiyya da Kam Shizar, wannan ne a ƙofarsu. Daga Sidi Jabir zuwa Rushdi kuwa abin ba daɗi. Kulob-kulob da gidajen shayi sun tare teku, gefen titi na ƙuntata, akwai mashigar motoci da gadar sama. Yi haƙuri ka wuce shi a hankali, kana lura da motar da ke fitowa daga kowace ƙofa.

Ladan haƙurin shi ne gadar Istanli, mai tsawon kimanin mita 400 da hasumiyoyi huɗu, ta ratsa bakin wani ɗan lungun teku da ɗakunan hutawa suka kewaye hawa-hawa. Da dare ango da amarya da masu hoto ne ke cika ta, da asuba kuwa sai masu fatsa. Ɗan hawan da ke cikinta ya isa mai son ƙara ƙarfin ƙafa: haye da ɗan sauri, ka dawo da sassarfa, sau huɗu ko biyar. Daga ɗakin karatu zuwa nan da komawa kimanin kilomita 10 ke nan, ma'aunin da yawancin masu gudu ke fara buri.

Zango na uku: Istanli zuwa Muntaza

Daga gada za ka hango dogon ginin San Istefano, shi ne alamarka ta gaba, ta Gilim. Bayansa sai Loran, sannan rairayin wanka na Sidi Bishir da Mayami da Asafira da Mandara. Daga Oktoba zuwa Mayu wannan zango lafiya lau yake. A Yuli da Agusta kuwa nan ne masu hutu daga Alƙahira da sauran lardunan Masar ke sauka, da laimomi da kujeru da yara da masu tallan fireska, wani siririn biskit mai zaƙi, har kan gefen titi. In ba ka gama da shi kafin ƙarfe bakwai da rabi ba, ka haƙura. An kuma sha yin ayyukan faɗaɗa titi da gina gadoji a wannan ɓangaren, don haka bi shi a mota sau ɗaya ka ga halin da yake ciki kafin ka bi da ƙafa.

Rairayin zai ja ra'ayinka ka sauka ka yi gudu a kai. Yawancinsa an killace ana biyan kuɗin shiga, gajere ne, kuma a karkace yake zuwa ruwa, ƙafa ɗaya na sama ɗaya na ƙasa. Minti goma a kan jiƙaƙƙen yashi mai tauri ba laifi. Fiye da haka ga wanda bai saba ba, agara da sha-raɓa ne za su biya. Kuma kada zafin gudu ya sa ka faɗa ruwa inda aka kafa jar tuta ko inda babu mai ceto. Ruwan wannan gaɓa yana ja, kowace bazara yana cin mutane.

A ƙarshe akwai lambun Muntaza. Khidiwi Abbas Hilmi na Biyu ya gina fadar Salamlik a ciki a 1892, Sarki Fu'ad na Ɗaya ya ƙara babbar fadar Haramlik a 1932. Ana biyan kuɗin shiga, kuma ba a buɗe ƙofa tun asuba. Amma ciki akwai abin da Kornish ba shi da shi: inuwar dabino da sauran itatuwa, hanyoyi masu ɗan hawa da gangara, da ƙarancin motoci. Zagaya fadar, ka gangara wajen gadar da ta nufi tsibirin shayi, ka dawo. Ga iyali, ko mata da ke son wuri mai natsuwa, ko ranar da ka makara rana ta yi, nan ya fi.

Yadda za ka gina ƙarfi

Sabon shiga ya fara da gudun minti ɗaya, tafiyar minti biyu, yana maimaitawa har minti 20 zuwa 30, sau uku a mako, da ranar hutu a tsakani. Kowane mako ƙara wa gudun minti ɗaya ko biyu, ka rage tafiyar. Ma'aunin sauri shi ne baki: in ba za ka iya yin magana da na kusa da kai ba sai da haki, ka yi sauri da yawa. Cikin wata biyu mai lafiya zai iya yin Ƙaitbai zuwa ɗakin karatu ba tsayawa.

Daga nan riƙa ƙara wa gudun Juma'a kilomita ɗaya duk mako, kowane mako na huɗu ka ja baya jiki ya warware. Ciwon nama da ke zuwa washegari ya tafi bayan kwana biyu, ba komai ba ne. Ciwon da ya tsaya wuri ɗaya a ƙwauri ko gwiwa ko dunduniya, yana ƙaruwa in kana gudu, wannan tsayawa yake so. Jiri, ko ciwon ƙirji, ko tsigar jiki ta tashi cikin zafi, tsaya nan take, ka nemi inuwa da ruwa da taimako.

Nawwa, hamsin da azumi

Ruwan saman Iskandariyya a hunturu yake sauka, yawancinsa daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma yana zuwa ne da guguwar teku da ake kira nawwa. Masunta sun san su ɗaya bayan ɗaya: Maknasa a Nuwamba, Ƙasim da ƙaramar Faila a Disamba, babbar Faila da Giɗas a Janairu, Husum a Maris. Kowace takan yi 'yan kwanaki. A ranar nawwa igiyar ruwa na tsallake katanga ta zubo kan titi, wani lokaci da tsakuwa, magudanai su cika. Kada ka je Kornish ranar. Ka kuma nisanci sandunan fitila da ke tsaye cikin ruwa, don wutar lantarki ta kashe mutane a ambaliyar Oktoban 2015. Kwana ɗaya bayan ta wuce kuwa iska takan yi wasai, ba a samun safiyar gudu kamarta.

Daga Maris zuwa Mayu akan samu ranakun hamsin, iska mai zafi da ƙura daga hamada. In sama ta yi ja, ka zauna a gida, musamman mai asma.

A watan azumi rage tsawo da sauri. Ko dai sassarfar minti 20 zuwa 30 dab da magariba, ka ƙare kusa da gida, ko kuma bayan tarawihi in ciki ya sauka. Ka sani dab da buɗa-baki direbobi na sauri don su isa gida, bayan tarawihi kuma tsakiyar gari na cika, musamman wajen Ƙa'id Ibrahim. Dogon gudu a bar shi sai bayan salla.

Mutanen hanya

Yawancin abin da za ka ji daga bakin mutane ƙarfafa gwiwa ne. Dattijo mai fatsa zai ɗago ya ce maka "ash ya kabtin", ka ɗaga masa hannu. Wani lokaci kuma wani matashi zai jefo maganar banza kan launin fatarka. Tana da ciwo, amma kada ka tsaya, kada ka mayar. Karnukan titi da asuba yawanci barci suke yi. In ɗaya ya taso, daina gudu ka koma tafiya, kada ka zura masa ido, zai koma.

'Yar'uwa, ke ma wannan hanya taki ce. Mata Misirawa da yawa suna gudu da hijabi da doguwar riga da wando mai yalwa. Zaɓi hijabi mara nauyi wanda iska ba za ta riƙa ɗagawa ba, ki fita bayan gari ya waye, tare da ƙawa ko ɗan'uwa ko cikin ƙungiyar Juma'a, ki fi mai da hankali kan zangon ɗakin karatu da Istanli da cikin Muntaza inda ba a rasa mutane.

Ranar da za ka yi shi duka

In ka kai kana yin kilomita 14 ba tare da ka kwanta washegari ba, lokacin bin Kornish daga kai zuwa kai ya yi. A Nuwamba ko Maris, zaɓi Juma'ar da ba a sa ran nawwa. Tunda hanya ɗaya ce ba dawowa, fara daga Muntaza ka nufi yamma: rana na bayanka, za ka gama da zangon cunkoso tun mutane na barci, ka ƙare da zangon tasha mai daɗi sansanin Ƙaitbai na gabanka. Riƙe ruwa da dabino uku ko huɗu, ka ci ɗaya a San Istefano, ɗaya a Sidi Jabir, kana kurɓar ruwa duk bayan minti 20. Yi lissafin awa biyu zuwa biyu da rabi.

Da ka isa kada ka zube a ƙasa. Taka na minti biyar, ka miƙar da sha-raɓa da cinya a jikin katanga, ka sauya riga in ka zo da busasshiya, don iskar teku a kan jiƙaƙƙen jiki na sa sanyi ya kama mutum. Karya da ful da falafil da burodin baladi a Bahari ko Mahaɗɗatur Ramli, ka bi da ruwan rake, gishiri da sukarin da ka zubar za su dawo. Komawa gida kuma ka tare ƙaramar bas da 'yan gari ke kira mashru'u, ka faɗi sunan unguwarka, ko ka ɗauki tasi mai launin baƙi da ruwan ɗorawa, ku yi ciniki kafin ka shiga. A gida ɗauraye takalmin da ruwan famfo in feshin teku ya taɓa shi, domin gishiri na cin ɗinki da gam, ka cire shimfiɗar ciki, ka cusa masa tsohuwar jarida, ka ajiye a inuwa inda iska ke ratsawa.